Gadar da Bahago Ya Riƙe da Hannunsa

Duk wanda ya taɓa bin layin masu walda ya san shagon Bahago, ko da bai san mai shagon ba. Shi ne mai shuɗiyar ƙofa, wanda warin fenti da kananzir ke tarar mutum tun daga bakin titi. Shekara talatin da 'yan kai yana nan yana rubuta alluna: na shagon aski, na makaranta, na mai sayar da magani, da kuma waɗanda suka fi kawo masa kuɗin cefane, wato manyan allunan nan da ake kafawa a gaban aikin gwamnati. Gajere ne mai faɗin kafaɗa, mai saurin fushi da saurin hucewa, kuma babu abin da ya tsana a duniya kamar karkataccen harafi. In ya hangi allon wani mai zane a hanya, harafi ya zame ko ya yi ciki, sai ya tsayar da babur ya yi ta tsaki kamar an zagi mahaifinsa.

Sunansa na yanka ya ɓace tun yana koyon aiki. Ubangidansa ya yi ta dukan hannun hagun nan don ya koma dama, hannu ya ce bai san zance ba. Da dattijon ya gaji sai ya ce, "To je ka da hagunka, amma duk ranar da ka shafe mini ɗanyen fenti da gefen hannu, kai za ka sayi wani." Daga nan Bahago ya samo dabarar da ya tsufa da ita. Zai auna allo da zare da alli, ya ƙirga haruffa, sannan ya fara kowane layi daga ƙarshe, ya dinga dawowa baya har ya iso farko. Hannunsa bai taɓa bi ta kan ɗanyen fenti ba. Sai dai kuma, saboda wannan tafiya da baya, bai taɓa karanta abin da yake rubutawa ba. Ba don bai iya karatu ba, ya iya daidai gwargwado. In an tsokane shi sai ya ɗaga kafaɗa ya ce, "Ni harafi nake sayarwa, ba magana ba."

'Yan kwangila suna sonsa saboda wannan hali. Mafi alheri a cikinsu wani ne da ake kira Mai Farar Mota, mutum mai fara'a da ƙamshin turare, wanda bai taɓa neman ragi ba. Kullum cikin sauri yake. Allo na bushewa zai iso, tun kafin kafinta ya sa masa ƙafafu, ya ce, "Malam Bahago, ɗan ɗaga mini shi in ɗauki hoto, in nuna wa manya." Sai Bahago ya shiga bayan allon ya ɗaga shi, a ɗauka, a biya shi nan take.

Matarsa kuwa shara da goge-goge take yi a babban asibiti, kuma tsakanin unguwarsu da asibitin akwai kwari. Da rani kwarin ba komai ba ne, yashi ne da ledoji, mutum ya gangara ya haura cikin minti biyar. Da damina sai ya koma wani abu daban. Ruwa yakan kai cinya, wata rana ƙugu, mutane na taka wasu duwatsu masu santsi da aka jera tun zamanin da babu wanda ya tuna. Hanyar zagaye tana nan, amma tafiyar awa ɗaya da rabi ce a mota biyu, kuma kuɗin motar kaɗai ya isa ya cinye rabin albashin mai shara. Damina uku da suka wuce ƙafarta ta zame a kan dutse na huɗu, ƙugunta ya karye. Ya ɗoru, amma a karkace. Yanzu da sanda take tafiya, zaman babur ma ba ta jurewa. Saura mata shekara biyu ta yi ritaya, in ta bari kafin nan babu fansho. Ita dariya take mayar da abin, tana cewa Allah ya haɗa mai tsanar karkataccen harafi da karkatacciyar mata. Shi bai taɓa ganin abin dariya a ciki ba. Abu ɗaya ya sa a ransa: kada wata damina ta sake samunta a kan duwatsun nan.

Tun tsakiyar rani ya je ya sami tsohon hedimasta, wanda shi ne shugaban kwamitin unguwa, ya ce masa ba a fafe gora ranar tafiya, a rubuta wa ma'aikatar ayyuka takardar neman gada tun yanzu. Hedimasta dattijo ne dogo, siriri, mai son rubuta wasiƙa fiye da cin abinci. Ya rubuta shafi uku, magidanta ɗari biyu suka sa hannu, masu dangwale suka dangwala.

Amsa ta zo bayan wata ɗaya. Hedimasta ya tara mutane a gindin bishiyar da ake zaman kwamiti, ya buɗe ambulan, ya karanta a zuci, ya cire tabarau ya goge, ya sake karantawa. Sannan ya ce da wata irin murya, "Sun ce ba za a ba mu gada ba, saboda muna da gada."

Wani daga baya ya ce, "Malam, sake dubawa, ko wasiƙar wasu ce."

"Tamu ce. Ashe a wurinsu sunanmu Shiyya ta Goma Sha Huɗu, Yanki na Biyu. Sun ce an gina mana gada shekara bakwai da suka wuce, an kammala, an miƙa. Ba a yin gada biyu a wuri ɗaya. In ta tsufa ne, wai mu nemi a yi mata fenti."

Wasu suka fashe da dariya, wasu suka hau salati. Wata tsohuwa ta dogara sandarta har bakin kwarin ta leƙa, wai ko idonta ne ya daɗe yana yaudararta. Bahago bai yi dariya ba. Ya miƙe, jijiyar wuyansa ta tashi, ya rantse da Allah duk wanda ke da hannu a wannan ƙarya sai ya tsaya a gabansa ya gaya masa baƙar magana, ko uban waye shi.

Hedimasta ne ya san da wata doka da ba a daɗe da yin ta ba, wadda ta ce kowane ɗan ƙasa na iya rubutawa ya nemi ganin takardun yadda aka kashe kuɗin jama'a, kuma dole a nuna masa. Mutane ba su yarda ba. Yaushe gwamnati ta fara buɗe wa talaka akwatinta? Amma ya rubuta, ya sa sunan Bahago kusa da nasa, tunda matarsa ce ta ji ciwo. Sai da suka yi sawu huɗu. An ce mai mabuɗi ya fita, an ce fom ya ƙare, an ce su dawo bayan taro. A sawu na biyar aka shigar da su wani ɗaki a bene na ƙasa, mai dogon tebur da fanka ɗaya da ke juyi kamar ba ta so. Aka karɓe jakar hedimasta da bironsa, aka ba shi fensir.

Mai kula da ɗakin wata mata ce mai tabarau rataye da igiya, wadda fuskarta ba ta nuna komai. Ta ajiye musu fayil mai kauri kamar bulo, ta ce, "Baba, ku karanta a nan. Kada ku cire komai, kada ku lanƙwasa komai. In kuna son kwafi ku faɗa mini shafin."

Hedimasta ya fara buɗawa, Bahago na leƙe ta kafaɗarsa. Ga takardar amincewa da hatimi uku. Ga zanen gadar kanta, kyakkyawa, mai ƙafa huɗu da ƙarfen dafawa a gefe, har da 'yar hanyar masu keke. Ga rasit na siminti da rodi da tsakuwa. Ga rahoton injiniyan da ya ce ya je da kansa ya taka ta daga wannan baki zuwa wancan, ya same ta da inganci. Hedimasta na buɗawa yana faɗin innalillahi a hankali, kamar mai jan carbi. Da ya kai wasu takardu biyu sai ya tsaya cak.

"Malama, wannan fa? An yi mata fenti?"

Matar ta leƙo. "Sau biyu. Kore da farko, daga baya ruwan toka."

"Gadar da babu ita?"

"Ni abin da ke cikin fayil na sani, Baba."

Sai ya juya shafi, ga hoto. Allo ne babba, fari tas, da baƙaƙen haruffa a jere kamar sojoji. Wanda ya ɗauki hoton ya matso sosai, allon ya cika ko'ina, ba a ganin sama, ba a ganin kwari. Hedimasta ya duƙa yana karanta adadin miliyoyin da ke layi na huɗu. Bahago kuwa bai ga miliyoyi ba. Haruffan ya gani, kuma uwa ba ta ɓata ɗanta a kasuwa. Ya ga yatsu huɗu a gefen dama na allon, huɗu a gefen hagu, da baƙin fenti a farcen na hagun. A ƙasa, inda ya kamata a ga ƙafafun katako, ga ƙafafun mutum cikin silifas. A can kusurwa, ɗan siririn abu kamar faɗin tsinke, ga shuɗin ƙofa.

Gumi ya keto masa duk da fankar. A hankali ya janye hannayensa daga kan tebur ya cusa su tsakanin gwiwoyinsa.

Hedimasta bai lura ba, yana can yana faɗa. "Malama, gani ya kori ji. Ku turo mutum ɗaya ya zo ya ga kwarin nan da idonsa!"

Ta buɗe masa shafin ƙarshe. Wasiƙa ce daga ɗan kwangilar, wadda ya rubuta bara da wani mai binciken kuɗi ya yi tambaya. Ya ce shi dai ya gina ya miƙa, in yanzu ba a gan ta ba, to wataƙila ambaliya ce ta tafi da ita. "Kun gani," in ji matar. "In aka je aka tarar babu, za a ce ruwa ne. Takarda ba ta faɗuwa sai da takarda. Abin da ya riƙe fayil ɗin nan duka shi ne hoton nan, don shi ne shaidar an kafa allo a wurin aiki. Da za a sami wanda zai rantse cewa ba a bakin kwarin aka ɗauke shi ba, ya kawo hujja, dole a buɗe bincike."

"A ina za mu sami wannan mutum?" in ji hedimasta. Bahago ya ce a yi masa kwafin shafin hoton. Muryarsa ta fito kamar ta wanda ya kwana uku yana zazzaɓi.

Da la'asar ya iso gida. Matarsa na zaune a kan tabarma a tsakar gida, ta miƙe ƙafar mai ciwo, tana tsince shinkafa a faranti. Bai yi sallamar kirki ba. Ya miƙa mata takardar, ya tsaya a kanta. Ta nisanta ta da ido, ta kalla, ba ta ko yi daƙiƙa uku ba.

"Malam, wannan ai ƙafarka ce. Ga babban yatsan nan naka mai tsagaggen farce. Silifas ɗin ma ni na sayo maka." Ta fara dariya. "Me ya kai ƙafarka ofishin gwamnati?"

"Allon gadarmu ne, Uwargida. Ni na rubuta shi. A ƙofar shagona aka ɗauki hoton."

Dariyar ta ɗauke. Ta sake kallon takardar, wannan karon a hankali, leɓɓanta na motsi. "Shekara nawa ke nan?"

"Bakwai."

"Ni kuma damina uku ke nan da faɗuwata." Ta ajiye farantin. "Wato ranar da aka kwaso ni daga cikin ruwa ina ihu, a wurinsu a kan gada nake tafiya."

Ya sunkuyar da kai.

"Nawa Mai Farar Motar ya ba ka?"

"Wallahi ban tuna ba."

"Ko wannan ma ba ka tuna ba," ta ce. Ba ta ɗaga murya ba, kuma da ta zage shi da ya fi masa sauƙi. Ya durƙusa a gefen tabarma ya gaya mata sauran. In ya yi shiru, babu mai sani, hedimasta bai gane ba. In ya yi magana, unguwa za ta san shi ne, kuma 'yan kwangila bakinsu ɗaya, babu wanda zai sake taka shagonsa. Kashi uku cikin huɗu na abin da suke ci daga wurinsu yake zuwa. Ta saurare shi har ya gama. Sannan ta ce, "Ba zan ce ka je ba, ba zan ce kada ka je ba. Kai ne ka rantse a gindin bishiya cewa za ka tsaya a gaban mutumin. To ga shi nan, ka same shi."

Washegari, yana buɗe shago, wani abu ya faɗo masa a rai har sai da ya dafa ƙofa. Mai Farar Mota ba kullum yake dawowa ɗaukar allo ba. Sau da yawa, in an tuna masa, sai ya ce an sauya tsari, Bahago ya riƙe katakon. Shi kuwa sai ya shafe shi da fari ya sayar wa wani, yana sa wa mutumin albarka, yana gaya wa maƙwabta cewa har yanzu akwai masu kirki a duniya. Kyauta ta rufe masa ido, bai taɓa tambayar kansa wane irin aiki ne ba ya bukatar allonsa ba. Ya tsaya ya yi lissafin girman katakon, ya ɗaga kai ya dubi tsallaken titi. Katakon allon gadar ne ya koma allon shagon askin da ke can.

Ya roƙi mai askin, ya yi masa alkawarin sabo kyauta, ya sauke allon ya jingina shi a bakin titi. Ya sa tsumma da kananzir da 'yar wuƙa, ya dinga kankarewa a hankali. Almakashi da kan mutum da ya zana suka tafi, farin ya tafi, baƙaƙen haruffa suka fara leƙowa. Masu walda suka kashe injinansu suka zagaye shi. Da ya gama, ya ja baya, a karo na farko a rayuwarsa ya fara daga farkon layi ya karanta aikinsa da ƙarfi har ƙarshe: gina gada, Shiyya ta Goma Sha Huɗu, Yanki na Biyu, an kammala. Allon bai taɓa barin layin masu walda ba.

A bayan babur ya ɗaure shi ya kai ma'aikatar, hedimasta, wanda sai yanzu ya ji labarin, na biye da shi baki buɗe. Mai kula da ɗakin takardu ta dubi allon, ta dubi hoton, ta dubi hannun da Bahago ya shimfiɗa mata a kan tebur. Ta cire tabarau. Aka kai shi gaban mai ɗaukar rantsuwa, ya faɗi komai, ya sa hannu da hagunsa. Da zai fita sai ya juyo.

"Malama, dokar nan ta ba ni damar ganin sauran fayilolin mutumin nan?"

"Ta ba ka, Baba. Amma ka tabbata kana son gani?"

Bayan mako uku ta jera masa su a kan dogon teburin. Talatin da takwas ne ke da yatsunsa a gefen allo. A cikinsu ya gane goma sha tara da aka bar masa katakon: ɗakin haihuwa, azuzuwa shida, rijiyoyin burtsatse, magudanar ruwa ta wata unguwa da ya san an yi asarar rai a cikinta. Ya zauna a ƙasa, a kan siminti, dattijo mai jikoki, ya rufe fuska da hular kansa. Matar ta fita ta ja masa ƙofa.

An buɗe bincike kamar yadda ta ce. Farar mota ba ta sake bin layin ba, sauran 'yan kwangila ma suka ɗauke ƙafa kamar an yi shela. A unguwa bakin mutane ya rabu, wasu na cewa namiji ne, wasu na cewa tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Duk wannan Bahago ya shirya masa. Abin da bai shirya masa ba shi ne wasiƙa ta biyu daga ma'aikatar. Ta gode wa kwamiti da kishin ƙasa, sannan ta ce tunda kwarin ya zama wurin bincike, ba za a taɓa ko tsakuwa ɗaya a cikinsa ba sai an kammala, kuma ba a sa rana ba. Hedimasta ya karanta, ya ninke, ya ce shi kam ya daina rubuta wasiƙa. Bayan kwana tara aka yi ruwan farko.

Da safe, wajen shida da rabi, matarsa ta ɗaura ɗankwali, ta sa rigar aikinta a leda, ta ɗauki sanda. A bakin kwari ta tarar da mutane sun yi layi suna naɗe wanduna, ruwa ja yana gudu ya rufe duwatsun. Ta tsaya tana auna shi da ido. Sai ta ji an karɓe sandar daga hannunta. Bahago ne, ya naɗe wando har cinya. Ya wuce gabanta, ya juya mata baya, ya durƙusa a cikin laka.

"Malam, mene ne haka? Tashi, mutane na kallo."

"Su kalla."

"Da furfurarka? Ka haukace ne? Ruwan nan zai tafi da mu duka."

"Uwargida, na karanta fayil ɗin nan daga farko har ƙarshe. Babu siminti na gaske a ciki, babu rodi, babu tsakuwa. Abu ɗaya ne na gaske a gadar nan, ni ne." Bai waiwayo ba. "Saura miki damina biyu. Hau, kada ki makara."

Ta daɗe a tsaye. Sannan ta rataya ledar a wuya, ta dafa kafaɗunsa, ya miƙe da ita da ƙyar, ya sa ƙafar hagu cikin ruwan yana laluben dutse na farko.